Baƙin Kaka a Bakin Kwara

 

Kaka ta shigo. Ruwan sama ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, masu shinkafa kuma sun fara wasa lauje. A daidai wannan lokaci, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, akwai wani canji da ke gudana a saman kawunanmu wanda yawancinmu ba mu lura da shi, domin idonmu yana kan gona da kasuwa. Shamuwar da ta yi damina tare da mu, ta yi sheƙa a kan tsamiya da kuka a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta raini 'ya'yanta har suka yi fiffike, yanzu ta tattara ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke shirin sauka. Ba ta gama ɓacewa ba sai ga wasu baƙi sun sauko daga arewa, sun cika fadamu da bakin kogi, tun daga nan Tumbutu (tamu ta Malanville nake nufi, ba ta Mali ba) har Karimama ta yamma da Garu da Madekali ta gabas. A kan waɗannan baƙi nake so mu tattauna a wannan fitowa, da kuma abin da zuwa kallonsu yake yi wa zuciyar da ta yi nauyi.

Na san wani zai yi murmushi ya ce kallon tsuntsu ai aikin Anasara ne mai hutu, ko na yaro mai danƙo. Da a ce shekarun nan sun zo wa gidajenmu da sauƙi, da sai in bar shi da murmushinsa. To, ba haka suka zo ba. Malanville gari ne da gada ta raina. Kasuwarsa, da tashar manyan motoci, da 'yan dako, da masu abinci a bakin hanya, duk da kai-da-kawowar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa ta Kwatano da Gaya suke numfashi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe iyaka, aka gitta kwantenoni a kan gada, ɗaruruwan motoci suka yi watanni a layi, albasa ta ruɓe a cikin buhu. Ko da Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma wa kwalekwale da tsadarsa da haɗarinsa. Kafin wannan, ambaliyar 2010 da ta 2012 da ta 2013 sun ci gonaki da ɗakuna a nan da Karimama. Ga kuma dajin W, wanda dā baƙi ke zuwa yawon buɗe ido cikinsa, ya zama wurin da ake jin mugun labari daga gare shi: a ranar 17 ga Afrilun 2025 kaɗai gwamnati ta ce sojoji 54 aka kashe a can. Irin wannan nauyi ba ya tsayawa a kasuwa ko a rediyo. Gida yake biyo mutum. Shi ne ke sa magidanci ya yi shiru a zaure kamar an ɗaure masa baki, ko ya daka wa yaro tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko uwar gida ta kwana tana juyi har kiran sallar farko.

Bari mu fara da kogin kansa, domin shi ne mai masaukin baƙin. Kwara a wajenmu sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda daminarmu ke kawowa, lokacin da Mekru da Alibori da Sota suka kwaso jar ƙasa suka zuba masa. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda asalinsa ruwan saman da ya sauka ne a tsaunukan Gini. Wannan ruwa ba ya isowa da wuri, domin in ya shiga ƙasar Mali sai ya bazu cikin faffaɗar fadamar Masina, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya sauke lakarsa a can, sa'an nan ya iso mana garau a wajen Disamba da Janairu, alhali ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Ke nan a daidai lokacin da tafkunan tudu suke ƙafewa, ciyawa ta bushe, hunturu ya turnuƙe gari, bakin kogin nan namu yana nan da damshi, da burgu, da ƙwari, da ƙananan kifaye. Tsuntsun da ya ƙetare Hamada, wannan koren zare shi ne abin da ya fara cin karo da shi mai ruwa da abinci. Ungulu ba ta jewar banza, in ji Hausawa. Su ma waɗannan ba don kyawun fuskarmu suke zuwa ba.

Su wane ne baƙin? Da yawa daga cikinsu ba mu ba su suna na dabam da Hausa ba, saboda haka zan haɗa da sunayensu na Faransanci domin 'yan makaranta su iya nemo hotonsu. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwar ruwa, sarcelle d'été, wadda ke ƙyanƙyasa a Turai da Rasha, amma in sanyi ya gabato kusan dukkan zuriyarta takan kwashe ta yi kudu. Nauyinta bai kai rabin kilo ba. Za ka gan ta cikin garke, a tsakanin kirinjijiya da dinya, waɗanda su 'yan gida ne. Akwai combattant varié, mai dogayen ƙafafu da launin ƙasa, wanda ke bin gonakin shinkafa bayan yanka yana tsintar abin da ya zube. A can ƙasar haihuwarsa namijin yakan yi wani irin wuyan gashi mai ado ya shiga fagen dambe da 'yan'uwansa, amma a nan cikin tufafin matafiyi yake zuwa mana, ba ka ce shi ne ba. Akwai wata 'yar rawaya mai kaɗa jela, bergeronnette printanière, wadda ke bin sawun shanun Fulani tare da balbela tana kama ƙwarin da kofato ya tayar. Akwai wani shaho mai farin ciki da duhun baya, balbuzard pêcheur, wanda zai tsaya cak a sama, sai ka ga ya faɗo da ƙafafu cikin ruwa ya fito da kifi yana karkaɗe jiki. Masunta sun san shi sarai. Zalɓe ma ba dukansa ne namu ba, akwai na Turai da ke zuwa ya yi rani.

Amma wadda ta fi ba ni mamaki ita ce tsattsewa mai jan maƙogwaro da jela mai reshe biyu, hirondelle rustique. Nauyinta kimanin giram 20 ne, wato ƙwayar sukari uku ko huɗu a tafin hannu. Da wannan jiki take ƙetare tekun Bahar Rum, ta ƙetare Hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000 daga arewa zuwa kudu. Sauran ƙananan tsuntsaye kuwa sukan yi kiwon kansu kafin tafiya, wasu har nauyinsu ya kusa ninkawa, kitsen nan shi ne guzurinsu. Galibinsu da dare suke tafiya, in rana ta yi su laɓe a inuwar dutse ko ta ƙaya. Masu bincike na ƙasar Suwizalan sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye sama da biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka a kowace kaka. Ba duka ke isowa ba. Wanda ka gani yana shawagi a kan gonar albasarka, daga cikin waɗanda suka tsira ne.

Turawan ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har malamansu sun taɓa rubuta cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take nutsewa ta yi barci sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, sai ga mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar dubban kilomita da shi. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta ɗan Denmark mai suna Mortensen ya soma sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk inda aka tsinci tsuntsun a san daga inda ya fito. Wannan shi ne asalin zoben da masuntanmu kan samu jefi-jefi a ƙafar tsuntsun da ya faɗa koma, an rubuta Paris ko London ko Arnhem ko Helgoland a jikinsa. Wasu kan ɗauka asiri ne, wasu su ce na leƙen asiri ne, har su jefar da shi cikin ruwa don tsoro. Ba ko ɗaya. Adireshi ne kawai. Wanda ya samu ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya miƙa wa ma'aikatan ruwa da daji.

Ta hanyar tsuntsaye ne ma Turai ta fara jin ƙamshin masifar da ke tafe mana. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wata 'yar tsuntsuwa, fauvette grisette, ba ta komo ba kamar yadda ta saba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Da aka bi sawu sai aka tarar daminar 1968 ce ta gaza a yankin Sahel, inda take cin rani. Wannan shi ne mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973 da 1974, wadda iyayenmu ba su manta ba. Tsuntsuwa ta kai labarin shekaru kafin 'yan jarida su kai.

To, ina ruwan wannan duka da kwanciyar hankali? Bari in ba da labarin wani maƙwabcinmu, magidanci mai 'ya'ya shida, wanda kamasho yake yi a tashar manyan motoci. Da aka rufe gada a 2023, sana'arsa ta tsaya cik. Watan farko yana fita kullum ko za a buɗe. Wata na biyu ya daina fita. Daga masallaci sai zaure, ba ya hira, ba ya cin abincin kirki, matarsa har ta kawo kuka wurin mahaifiyata. Mahaifina, wanda shi ne limamin unguwarmu, ya yi masa nasihar da ta kamata, ya yi masa addu'a, aka kuma haɗa masa ɗan abin da ya sawwaƙa. Sannan wata rana bayan sallar asuba, cikin watan Nuwamba, ya riƙe hannunsa a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yau ka raka ni bakin ruwa."

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, lafiya dai?"

Ya ce, "Lafiya lau. Baƙi muka yi, za mu je mu yi musu sannu da zuwa."

Ni na ɗauki tabarma na bi su. Muka zauna a kan tudun gaɓa, rana tana bayanmu. Ba wanda ya yi wa'azi. Baba dai yana nuna masa da sanda: wancan garken kirinjijiya ne, ka ji fitonsu, waɗancan ƙananan da ke gefensu ba 'yan nan ba ne, wancan da ya tsaya da ƙafa ɗaya zalɓe ne, ka lura da haƙurinsa. Can sai maƙwabcin namu ya ce shi fa waɗancan ƙananan sun fi ɗari biyu. Baba ya ce ba su kai ba. Suka shiga gardama, suka shiga ƙirga, garken ya tashi, aka sake daga farko. Rabon da in ji muryarsa ta ɗaga a kan wani abu ba bashi ba, an yi wata uku. Gada ba ta buɗe don mun je bakin ruwa ba, kamashonsa kuma bai dawo ba. Amma ya koma washegari shi kaɗai, jibi ya tafi da manyan yaransa biyu, barci ya dawo masa, kuma a can bakin ruwan ne ya haɗu da wanda ya ba shi aron fili ya shiga noman albasa na rani.

Na daɗe ina tunanin abin da ya yi aiki a wannan safiya. A ganina, na farko shi ne ƙirgar. Zuciyar mai damuwa kamar jakin niƙa take, wuri ɗaya take zagayawa. In ka ce mata ta daina ba za ta daina ba, sai dai ka ba ta wani aikin. Tsuntsu kuwa ba ya jiran kowa. In kana son ka bambance wannan da wancan, dole idonka da kunnenka da hankalinka su taru wuri ɗaya, kuma ba zai yiwu ka ƙirga agwagi kana ƙirga bashi a lokaci guda ba. Na biyu, kuma shi ya fi zurfi, shi ne cika alkawari. Mutumin da aka yi ta ce masa "mako mai zuwa za a buɗe" har ya daina yarda da kowace magana, in ya zauna ya ga abin da ya zo bara ya sake zuwa bana, a watansa, a wurinsa, ba tare da taron shugabanni ko sanarwar rediyo ba, wani abu yakan sassauta a ƙirjinsa. Duniyar da ya zaci ta wargaje gaba ɗaya ashe wani ɓangare nata yana nan a kan tsarinsa. Garken da ya tashi daga gaɓar Benin ya sauka a gaɓar Nijar cikin ƙiftawar ido, wannan ma ba ya rasa ba mutum dariya, ko da mai ɗaci ce.

Likitoci ma sun leƙa wannan fage. A 2022 masu bincike na King's College da ke Landan suka fitar da sakamakon wani nazari da suka yi da mutum 1,292, waɗanda ake tambayarsu ta wayar hannu sau da dama a rana ko suna ganin tsuntsaye ko jin kukansu, da kuma yadda ransu yake. Suka tarar gani ko jin tsuntsaye yana tafiya tare da sauƙin rai da kan kai sa'o'i 8, har ga waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon baƙin ciki. Na kawo wannan ne domin masu son hujjar boko. Mu kuwa an riga an aike mu. Suratun Nahli aya ta 79 da Suratul Mulki aya ta 19 duk suna jan hankalin mutum ya ɗaga kai ya dubi tsuntsaye a sararin sama, Suratul An'am aya ta 38 kuma ta kira su al'ummu kamar mu. Mun haddace waɗannan ayoyi a allo tun muna yara, amma mu nawa ne muka taɓa fita takanas domin mu yi duban da aka ce mu yi? Hadisin tawakkali da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, da tsuntsu aka buga misali a cikinsa, tsuntsun da ke sammako da yunwa ya komo a ƙoshe. Wanda ya ga wannan sammakon da idonsa a bakin Kwara, ya ga yadda dubbai ke tashi gari bai gama wayewa ba, zai fahimci cewa ba a yi misalin da mai zama cikin sheƙa ba. Kuma wanda ya san tsuntsaye yakan rabu da camfinsu, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Mujiyar da ake cewa kukanta mutuwa ne, ɓeraye take ci a bayan rumbunka.

Sai dai a kiyaye. Wanda ya yi makonni ba ci ba barci, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, wannan ciwo ne, asibiti za a kai shi tare da addu'a. Bakin ruwa taimako ne, ba ya maye gurbin likita.

Akwai kuma wanda zai karanta wannan shafi ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiyarsa: manomin shinkafa. A wurinsa tsuntsu a watan Oktoba ba natsuwa ba ne, asara ce. Jan-baki in ya sauko kamar hayaƙi a kan gonar da ta yi nono, kafin ka ɗauko majajjawa ya yi ɓarnar da zai yi, kuma yara nawa ne ake hana su makaranta a farkon shekarar karatu domin su wuni suna kaɗa gwangwani? Ba zan ce masa ya zauna ya yi sha'awa ba. Abin da zan ce shi ne ya bambance. Jan-baki ɗan Afirka ne, ba ya cikin baƙin da muke magana. Agwagin ruwa sukan taɓa irin shinkafa da dare, wannan gaskiya ne. Amma tsattsewa da 'yar rawayan nan da balbela da shamuwa ƙwari da fara da tsutsa suke ci, wato ma'aikata ne da ba a biyan su lada. Wanda ya jiƙa hatsi da maganin ƙwari ya watsa a bakin fadama bai zaɓi wanda zai kashe ba. Mai laifi da marar laifi duk za su faɗi, wasu kuma a tsince su a kai kasuwa su ƙare a tukunyar wani bawan Allah. Wannan ba kare gona ba ne, kuma ban ga malamin da zai halatta shi ba.

Dole ne ma mu faɗa wa juna cewa taron yana raguwa. Tsofaffi suna ba da labarin gauraka, yadda kukanta ke cika fadama da yamma kamar ana busa ƙaho. Yaranmu da yawa a hoto kawai suka san ta. Ungulun da dā ba a rasa ta a mahauta, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu sayen kanta don tsibbu. A takarda dai wuraren nan suna da kariya. Akwai yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, wadda Benin ta shiga a 2000. Fadamar tsakiyar Kwara da ke ƙetarenmu, wajen Albarkaize a ƙasar Gaya, ta shiga jerin a 2001, yankin W na ɓangarenmu kuma a 2007. Amma takarda ba ta hana yaro harbi, ba ta hana a sare bishiyar da tsuntsaye ke kwana a kai. Uban yaron ne ke hanawa, kuma ba zai hana ba sai ya san abin da ake asara.

Ga wanda ya yi niyyar gwadawa, abin ba ya cin ko dala. Lokaci mafi kyau shi ne daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar, a komo kafin magariba saboda sauro da kuma halin da ake ciki. A zauna rana tana baya, a sa tufafi marasa ƙyalli, a rage murya. Danƙo ya kwana a gida. A ba yaro littafi da fensir ya rubuta rana da abin da ya gani, in bai san suna ba ya zana ko ya siffanta: tsawon baki, launin ƙafa, yadda yake tashi. In an ga masunci yana gyaran koma a gaishe shi a tambaye shi, domin Sarkawa da Dandawa suna da sunaye da labaran da ba su cikin kowane littafi, kuma tsofaffin da suka san su suna ta tafiya. Kada yara su shiga ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya, kada a matsi wurin da aka san dorina na fitowa. Kada kuma a bari su ɗauki mushen tsuntsu ko wanda ya kasa tashi, domin murar tsuntsaye ta taɓa shiga Nijeriya da Nijar a 2006, ta shigo Benin a 2007. Wajen dajin W kuwa ba wurin zuwa ba ne sai hukuma ta ce an samu lafiya. Tabarau mai hangen nesa yana da amfani, amma a bakin iyaka yana iya jawo wa mutum tambayoyin da ba ya so. Ido ya isa.

Ina roƙon magidanta kada su mai da abin na maza kaɗai. Iyayenmu mata sun fi mu zuwa bakin ruwa, amma kullum da kwanon wanki a ka da goyo a baya. Zuwa da kaya dabam, zuwa hannu sake dabam. Wadda ta fita takaba, da wadda ɗanta ya tafi ci-rani ya daina kira, da amaryar da aka kawo daga nesa take kewar gida, duk suna da haƙƙin sa'a guda a kan tabarma ba tare da an ce su tashi su ɗora tukunya ba. Na kuma lura cewa maganar da ta gagara faɗa a tsakar gida, ido cikin ido, takan fito da sauƙi in mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna duban abu guda.

'Yan'uwanmu na Zangon Kwatano da sauran garuruwan kudu, waɗanda wannan mujalla ke isa gare su, su ma ba a bar su a baya ba. Wani reshen wannan ayari bakin teku yake bi. A tafkin Nokuwe, da kuma Bouche du Roy kusa da Grand-Popo inda kogin Mono ke shiga teku, daga Satumba ake ganin fararen tsuntsayen teku masu siririn fiffike, waɗanda ake kira sternes da guifettes, suna bin jiragen masunta, ga kuma masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka in ruwa ya janye. Wanda hayaniyar Dantokpa da hayaƙin zemijan suka cika masa kai, ranar Lahadi guda a can za ta yi masa abin da bakin Kwara ke yi mana.

Baƙin za su zauna da mu har sanyi ya wuce. Wajen Fabrairu za ku ga namijin 'yar agwagwar nan ya fito da farin layi a kan ido kamar an ja masa alli, alamar ya fara shirin komawa ke nan. Tsakanin Maris da Afrilu za a wayi gari fadama ta yi shiru. Daga nan sai a fara duban kan tsamiya. Ina so kowane gida da ya gwada wannan fita ya sa yaro ɗaya ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a garinsu bana, da bishiyar da ta sauka a kai, a aiko mana ta hannun wakilin ƙungiya na unguwa. Za mu jera ranakun gari-gari a fitowar farkon damina, in Allah ya kai mu.